Kwana Talatin da Na Zubar

Takardar ta iso kamfaninmu ran huɗu ga azumin 2022, amma ban sa ta a ido ba sai ran goma. Baba maigadi ne ya karɓa a bakin ƙofa, ya sa hannu a littafin ɗan aiken da ya kawo ta, ya jefa ta cikin kwalin da yake tara wasiƙu tare da takardar kuɗin wuta da katunan ɗaurin aure. Bai yi laifin komai ba. Babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce masa akwai ambulan da ba ta kwana a bakin ƙofa, kuma ni ne ya kamata in gaya masa.

Ni ne akantan wani kamfanin casar shinkafa a Kano, mallakar kawuna, wan mahaifiyata. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, shi ya biya mini kuɗin makaranta har na gama, ranar da na kawo masa takardar shaidata kuwa ya miƙo mini makullin ofis ya ce, "Ga littattafan nan, ni ban iya bokonsu ba, amanarka ce." Shekara bakwai ina riƙe da su kafin abin da zan ba da labari ya faru.

Watanni kafin azumin, ma'aikatan haraji su uku sun zo sun zauna mana mako biyu, suna bin littattafan 2018 da 2019 da 2020. Doka ta ba su damar komawa baya har shekara shida. Mutane ne masu ladabi, ba su ɗaga wa kowa murya ba. Duk abin da suka gani a littafi sai su ce a kawo shaidarsa. Abin da ke kusa da hannu na ba su, sauran na ce zan aiko. Sauran nan kuwa suna cikin buhuna a ɗakin ajiya bayan injin: takardun sikelin mota, littattafan dillalai, takardun shigar kaya sito, duk a cakuɗe, ƙurar dusa ta rufe su. Kullum in na tuna sai in ce gobe. Har suka gaji da jira suka rubuta rahotonsu da abin da suka gani.

Ga wanda bai san yadda ake lissafin harajin kamfani ba, abin a taƙaice shi ne: riba ake yi wa haraji. Ka faɗi abin da ka sayar, ka cire abin da ka kashe wajen samar da shi, abin da ya rage a ɗauki kason gwamnati a ciki. Kamfani irin namu, mai cinikin da ya haura naira miliyan 100 a shekara, kashi 30 cikin ɗari yake biya, ga harajin ilimi wanda a waɗancan shekarun kashi 2 ne. Don haka duk nairar da mai bincike ya ce bai yarda an kashe ta don sana'a ba, sai ta koma cikin riba, kwabo 32 ya bi ta. Sashe na 24 na dokar harajin kamfanoni ta wancan lokacin ya gindaya sharuɗɗa huɗu kafin a yarda a cire kuɗi: a ce dukkansa sana'ar aka kashe wa, ba a gauraya shi da wata buƙata ba, sana'ar na bukatarsa, kuma bai wuce hankali ba. Sashe na 27 kuma ya jero abubuwan da ba a cirewa ko ta ƙaƙa, irin su hidimar gida da kuɗin da ya zama jari.

Da na buɗe ambulan ɗin, na tarar sun mayar mana da naira miliyan 186 cikin riba. Miliyan 94 kuɗin shanshera ne da muka saya hannu da hannu babu rasit. Miliyan 31 man dizal ne da kuɗin motocin dako. Miliyan 22 aikin da aka yi wa tukunyar turara shinkafa ne, wanda na rubuta a matsayin gyara, su kuma suka ce sabuntawa ce, wato jari, sai dai a riƙa cire shi kaɗan-kaɗan ta hanyar rangwamen kayan aiki. Miliyan 14 basussuka ne da na ce sun mutu. Ragowar miliyan 25 kuwa su ne ƙashin da ya tsaya mini a wuya, zan zo kansu. Haraji ya kama kusan miliyan 60, da aka ɗora tarar kashi 10 da kuɗin ruwan shekarun da suka wuce, jimillar ta haura miliyan 80.

Maganar shanshera ita ce babba, kuma a nan ne muke da gaskiya tsagwaronta. Duk wanda ya taɓa zuwa Kura ko Garun Malam ko Bunkure ko Auyo lokacin kaka ya san yadda ake cinikin. Manomi ya tara buhunansa a bakin gona ko a kasuwa, dillali ya sa bututu ya zaro ƙwaya ya murza a tafin hannu, ya ciza ya ji bushewarta, a yi ciniki, a ƙirga masa kuɗinsa a hannu. Ba shi da rasit, bai taɓa yin rajistar sunan kasuwanci ba, da yawa a lokacin ko asusun banki ba su da shi. Mai binciken da ya ga an ciro miliyoyi daga banki an rubuta "sayen shanshera" kawai, dole ya tambaya, don ta irin wannan ƙofar ce masu ɓoye riba ke fita. Sai dai rashin rasit daban, rashin shaida daban. Kowace mota da ta shigo mana sai ta hau sikeli da kaya, ta sake hawa babu kaya, inji ya fitar da takarda mai kwanan wata da lambar mota da nauyi. Mai kula da sito yana da littafinsa, dillali yana da nasa. Bayan wannan akwai hujjar da ko ɗan koyo zai gane: kilo ɗari na shanshera kilo sittin da 'yan kai yake bayarwa na tsabar shinkafa. Sun yarda da kowane buhu da muka ce mun sayar, sun yi masa haraji. To daga ina buhunan suka fito in ba a sayi shanshera ba? Haka man dizal: janareta yana da agogon da ke ƙirga awannin aikinsa, ana iya auna man da ya sha da su. Waɗannan biyun kaɗai miliyan 125 ne, harajinsu miliyan 40 cif, ban da tara da ruwa. Kuɗi ne da ba a bin mu bashinsa, da na tsaya na nuna.

Miliyan 25 ɗin nan kuwa, 16 daga ciki zakka ce da ciyarwar azumi da gudummawar ginin masallacin unguwa. Tara kuma kuɗin makarantar yaran Kawu ne da tikitin Umara da gyaran gida. Ni na shigar da su da hannuna, wasu a ƙarƙashin "jin daɗin ma'aikata", wasu a ƙarƙashin "tafiye-tafiye". Na san doka. Na san kyautar da kamfani zai cire daga ribarsa sai wadda aka bai wa cibiyoyin da aka lissafa a jadawali na biyar na dokar wancan lokacin, irin su ƙungiyar agaji ta Red Cross, ita ma kada ta wuce kashi 10 na ribar. Na san a idon doka kamfani mutum ne mai zaman kansa, aljihunsa daban da na mai shi. A wurin Kawu kuwa aljihu ɗaya ne: shi ya kafa, shi ya sha wahala, in ya ce a biya sai a biya. Bai taɓa ce mini in ɓoye komai ba. Bai ma san akwai abin ɓoyewa ba. Ni ne ban taɓa iya buɗe baki in ce, "Kawu, wannan ba a nan yake shiga ba." Shekara bakwai ina jin nauyinsa, ina lallaɓa lambobi.

Abin da doka ta ce in yi a fili yake, kuma na karanta shi tun ina ɗalibi. Sashe na 69: wanda bai yarda da harajin da aka yanka masa ba, ya rubuta takardar ƙorafi cikin kwana talatin daga ranar da aka miƙa masa sanarwa. Ya faɗi dalilansa, ya faɗi ribar da shi yake ganin ita ce daidai, ya faɗi harajin da ya yarda ana bin sa. In bai yi ba, sashe na 76 ya ce magana ta ƙare, adadin ya tabbata.

Maimakon in zauna in rubuta, sai na ɗauki waya na kira shugaban waɗanda suka zo binciken. Muka gaisa, muka yi wa juna barka da shan ruwa, na ce, "Yallaɓai, na ga takarda, abin ya yi nauyi, akwai shaidun da ban kawo ba." Ya ce, "Ba komai, ka haɗo su mu duba. Amma fa ka rubuto a takarda, ka san ƙa'ida." Na ji wannan jimlar ta biyu sarai, har yau ina jin muryarsa yana faɗinta. Na riƙe "ba komai", na saki "ka rubuto".

Na daɗe ina tambayar kaina me ya sa. Amsar da na fara ba kaina ita ce al'ada. Mu 'yan kasuwar Kano mun tashi mun ga ana cinikin miliyoyi a Dawanau da Kwari da Singa da baki kawai, ba a ɗauko biro sai amana ta fara lalacewa. Sai na ji kamar in na rubuta "ba mu yarda ba" na sa hannu na buga hatimi, na ja daga da mutanen da muke gaisawa da su, za su taurara. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan, amma ba ita ce duka ba. Takardar ƙorafi ba faɗa ba ce ko kaɗan. Shi ma ma'aikacin ita yake bukata a fayil kafin ya iya rage ko kwabo, domin akwai na sama da shi da za su tambaye shi da wane dalili ya rage.

Amsa ta biyu ita ce lissafi. Na ƙirga kwana talatin daga ranar da na buɗe ambulan, alhali doka daga ranar da Baba ya sa hannu take ƙirgawa. Kwana shida ne tsakani, kuma ban ko leƙa littafin bakin ƙofa na duba ba.

Amsa ta uku ita ce ta gaskiya, ita ce kuma na fi daɗewa ban furta ba. Takardar ƙorafi mai kyau dole ta faɗi abin da muka yarda da shi. Dole in rubuta cewa miliyan 25 ɗin nan an yi daidai da aka ƙi su. Dole kuma darakta ya gani ya sa hannu, wato Kawu. Ke nan sai na zauna gabansa, cikin watan azumi, yana tsakiyar rabon zakka, layin mata da tsofaffi a ƙofar gidansa, in ce masa zakkar shekara uku da ya fitar na rubuta ta a inda bai dace ba, kuma na san bai dace ba tun ranar da na rubuta. Wannan zaman ne na kasa. Tsoron miliyan 25 ya sa na bar miliyan 125 babu mai kare su. Wake ɗaya ke ɓata gari, ni kuwa da na ga waken sai na rufe kwanon gaba ɗaya na tura ƙarƙashin gado.

Haka kwanaki suka yi ta tafiya. Da safe in ce bari a sha ruwa hankali ya dawo, da dare in ce bari a dawo daga tarawihi. Ambulan tana cikin durowar hagu, ƙarƙashin littafin ceki, kullum na buɗe sai na ga gefenta. Goman ƙarshe Kawu ya tafi Umara, na ji wani sanyi a raina, na ce ai babu mai sa hannu, dole a jira. Aka yi Sallah ranar Litinin, gari ya shiga hawa, Daushe da Nassarawa, ofisoshi a rufe, kowa na yawon gaisuwa. Wa'adinmu ya cika ranar Alhamis ta wannan makon ina gidan surukaina. Litinin da ta biyo na kai wata 'yar takarda mai layi shida, da sa hannuna ni kaɗai, wadda ba ta ce komai ba illa ba mu amince ba kuma za mu kawo shaidu. Babu adadi, babu dalili, babu takarda ko ɗaya a maƙale. A lissafina saura kwana biyu. A lissafin doka na makara da kwana huɗu.

Amsa ta zo bayan 'yan makonni, gajeriya, cikin ladabi: ƙorafi ya zo bayan wa'adi, adadin ya tabbata, a biya. Na karanta a tsaye, na ji ƙafafuna sun yi sanyi. A nan ne kuma na ƙara kuskure a kan kuskure, domin ita ma na sa ta a durowa, na ƙara mako uku ban gaya wa kowa ba. Ina zuwa aiki, ina cin abinci a gidan Kawu ranar Juma'a, yana tambayata lafiyar littattafai ina cewa alhamdu lillahi.

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Banki ya nemi takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku kafin ya sabunta mana rancen da muke sayen shanshera da shi, ita kuwa ba ta fita ga wanda ake bi bashi. Daren nan na je gidansa bayan isha'i. Yana zaune a kan darduma a soron ciki, rediyo na magana ƙasa-ƙasa. Na durƙusa na ajiye takardun biyu a gabansa, na faɗa masa komai tun daga buhunan da ban kwance ba. Bai katse ni ba. Da na zo kan zakka sai ya sa hannu ya kashe rediyon.

Ya ce, "Wato zakkar da nake fitarwa, kana rage wa hukuma haƙƙinta da ita?"

Na ce, "Haka ne, Kawu."

Ya yi shiru mai tsawo. Sannan ya ce, "Ɗana, kuɗi suna zuwa suna tafiya, na yi asarar da ta fi wannan a gobara. Abin da ya yi mini ciwo shi ne na ɗauke ka don ka gaya mini abin da ban sani ba, kai kuma kana gaya mini abin da kake zaton ina son ji. Da ka faɗa mini tun shekarar farko, kana ganin zan ce a'a? Ni zan yarda a gauraya mini zakka da abin da ba nawa ba?"

Ban sami amsa ba, kuma har yau ba ni da ita. Shekara bakwai ina kare shi daga maganar da zai karɓa cikin minti biyar.

Washegari muka je wurin lauya masanin haraji. Shi ya shimfiɗa mana hanyar da na toshe, mataki-mataki, Kawu na saurare. Da na yi ƙorafi a kan lokaci, hukuma za ta zauna da mu ta duba shaidu. In an daidaita, a gyara adadin. In ba a daidaita ba, ta ba mu takardar ƙin gyarawa, daga ranar kuma muna da wani kwana talatin mu kai ƙara kotun ɗaukaka ƙarar haraji, wadda dokar kafa hukumar tara haraji ta ƙasa ta 2007 ta samar. Tana zama a wurare takwas: Legas, Abuja, Ibadan, Benin, Enugu, Jos, Bauchi da Kaduna, ta Kaduna ce ke sauraron na shiyyarmu ta arewa maso yamma. Mutum biyar ne ke zama, shugabansu gogaggen lauya, kuma ko akanta yana iya tsaya wa kamfani a gabansu. Nauyin nuna cewa harajin ya yi yawa yana kan mai ƙara, shi ya sa shaida ita ce komai. Wanda bai gamsu ba ya wuce Babbar Kotun Tarayya a kan abin da ya shafi fassarar doka, daga nan Kotun Ɗaukaka Ƙara, har Kotun Ƙoli. Doguwar hanya ce mai ƙofofi da yawa, amma duk a bayan ƙofar farko suke.

Kawu ya tambaya ko babu sauran dabara. Lauyan ya ce kotun harajin tana da ikon karɓar ƙarar da ta makara in an nuna mata ƙwaƙƙwaran dalili, kuma akwai muhawarar da za a iya yi, amma ba zai yi mana alkawarin nasara ba. Ga kuma wani dutse a gaba: ƙa'idojin kotun na 2021 sun ce sai mai ƙara ya ajiye rabin kuɗin da ake jayayya a kai kafin a saurare shi. A namu, fiye da miliyan 40 ke nan a kulle, ga kaka na ƙaratowa. Masu bin labarai za su tuna a watan Agustan 2021 an ruwaito cewa kotun ta Legas ta umarci kamfanin MultiChoice ya ajiye naira biliyan 900, rabin tiriliyan 1.8 da ake jayayya a kai, kafin a ci gaba da sauraron ƙararsa. Sai a watan Nuwamban 2023 Babbar Kotun Tarayya a Abuja, a ƙarar da babban lauya Joseph Daudu ya shigar, ta soke wannan sharaɗin na ajiye rabi, ta ce ya tauye haƙƙin a saurari mutum. Hukunci ne da na yi murna da shi saboda na baya, mu dai ya same mu mun riga mun biya.

Ya juyo ya dube ni ya ce, "Menene dalilin makarar? Sai an rubuta shi an yi rantsuwa a kai." Na ce babu wani dalili sai tsoro da sakaci. Ya ce wannan ba zai shiga takarda ba.

A cikin makon ne wani mai ba da shawara, irin waɗanda ba a rasawa a irin wannan lokaci, ya zo mana da hanya mai sauƙi. Ya ce a ce takardar ba ta taɓa isowa ba. A sa Baba maigadi ya rantse cewa sa hannun da ke littafin ɗan aike ba nasa ba ne, ko kuma a samo mini takardar asibiti a ce na kwanta wata guda. Dole in faɗi gaskiya a nan: na kwana ina juya maganar a raina, har na fara tsara yadda zan lallashi Baba. Da safe Kawu ya kashe ta da kalma kaɗan. Ya ce, "Dattijon da ya yi shekara ashirin yana tsare mini ƙofa, ba zan sa shi ya ɗauki Alƙur'ani a kan ƙarya don shinkafa ba. A je a roƙi a raba mana biyan."

Aka raba mana biyan kashi-kashi. Don cika kason farko aka sayar da manyan motoci biyu. Rancen banki ya makara, muka shiga kasuwa bayan farashi ya tashi, abin da muka saya bai kai ya riƙe injin dare da rana ba, aka dakatar da aikin dare har ƙarshen kakar. Wannan ne ɓangaren da ba ya fitowa a littafin akanta. Masu aikin dare mutum ashirin da wani abu ne, yawancinsu 'yan dako da masu ɗinkin buhu, abin da suka samu a daren shi ake cefane da shi da safe. Akwai wani saurayi cikinsu da aka sa ranar aurensa bayan kaka. Ya tare ni a bakin sikeli, ya cire hula ya ce, "Yallaɓai, don Allah yaushe za a dawo da na dare? An ce kasuwa ce ta lalace." Na ce masa ba kasuwa ba ce, kuskure ne aka yi a ofis, kuma ni na yi shi. Ya dube ni bai gane ba, ya ce Allah Ya kyauta, ya mayar da hularsa ya tafi. An ɗaga auren nasa zuwa wata shekarar.

Kawu bai kore ni ba, ko da yake na ba shi makullin. Ya ce wanda ya ɓata shi zai gyara. Yanzu duk buhun da aka saya yana da takarda mai sunan manomi da garinsa da lambar wayarsa da sa hannu ko dangwale, a maƙala ta da takardar sikeli a ranar. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, duk da wahalar da ya jawo, ya sa manoma da yawa sun buɗe asusu, don haka yawancin biyan ta banki yake bi. Bashi ba na rubuta shi ya mutu sai da wasiƙun da muka aika na neman biya a fayil. Hidimar gidan Kawu tana da shafinta daban da sunansa, zakka kuma daga rabonsa na riba yake fitar da ita, ya ce ma hankalinsa ya fi kwanciya da hakan. Baba yana da littafi nasa na kansa, kuma ya san duk ambulan mai tambarin hukuma da ta iso, a kira ni ko ina masallaci ne a jira ni a ƙofa.

Doka ma ta sauya. Ranar 26 ga Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, biyu daga ciki suka fara aiki nan take, sauran biyun kuma 1 ga Janairun 2026. Hukumar tara haraji ta ƙasa ta sauya suna, an samar da ofishin sauraron koken masu biyan haraji, kuma yanzu ita ma hukumar an ɗaura mata agogo: in ta yi kwana casa'in ba ta amsa ƙorafi ba, a ɗauka ta amince da shi. Wannan adalci ne, domin a da mai biya kaɗai ke gudun wa'adi. Kwana talatin ɗin mai biya kuwa suna nan yadda suke, kuma casa'in ɗin hukuma ba sa fara ƙirguwa sai akwai takardar da aka kai mata.

Bayan an gama biyan kason ƙarshe, na sa aka fito mini da buhunan nan daga ɗakin ajiya. Babu wanda ya ce in yi, kuma babu abin da zai dawo. Ina so ne in sani. Kullum bayan la'asar in shimfiɗa tabarma a ofis, in zazzage buhu ɗaya, in kaɗe ƙura, in jera takardun sikeli wata-wata, in haɗa kowace da shafinta a littafin sito da na dillali da ranar da aka ciro kuɗi a banki. Wasu ɓera ya ci gefensu, wasu tawadar ta dushe sai na ɗaga su a hasken taga. Cikin miliyan 94 na shanshera, na haɗa shaidar miliyan 91, mota-mota. Aikin duka kwana goma sha ɗaya ya ɗauke ni.